Cire sitika da gam daga jikin mota ba tare da ɓata fenti ba: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin direbobi da masu mota a Kumasi, daga Aboabo da Asawase zuwa Sabon Zongo da Tafo. Wani ya sayi trotro, wato ƙaramar bas ta haya, da rubutun tsohon mai ita, wani yana so ya mayar da taksi motar gida, wani kuma sitikar zaɓen 2024 ce har yanzu maƙale a ƙofarsa, ta koɗe ta tsattsage. An jera su daga masu sauƙi zuwa masu zurfi, kuma an sa musu lamba domin wata amsar tana jingine da wata.

1. Me ya sa wata sitika ke fita salin-alin, wata kuma ta ƙi fita?

Sitikar mota abu biyu ce a haɗe: leda a sama, wadda galibi robar PVC ce, da gam a ƙasa. Ana haɗa ledar da wani sinadari da ke sa ta laushi. Rana tana fitar da wannan sinadari a hankali, ledar ta bushe, ta tsuke, ta fara tsagewa. Shi kuma gam, zafi yana ƙara manna shi da fenti. Sitikar wata uku sau da yawa da yatsa ma za ka ɗago ta, amma ta shekara biyar a kan bonet sai ta riƙa karyewa ƙanana-ƙanana.

Ingancin ledar ma yana da tasiri. Mai tsada, irin wadda ake naɗe mota gaba ɗaya da ita, siririya ce kuma an yi ta ne da niyyar wata rana za a cire. Mai araha da ake bugawa da yawa lokacin kamfen ko tallar kaya ba a yi wannan lissafin da ita ba. Wurin da aka liƙa ta shi ma abin dubawa ne: bonet da rufi da but sun fi shan rana a kan ƙofofi, don haka sitikarsu ta fi saurin gasuwa.

2. Fenti ai abu ne mai ƙarfi. Me ya sa ake ta jan kunne a kansa?

Domin ya fi siranta fiye da yadda mutane ke zato. Fentin motar zamani hawa-hawa ne: firaima a kan ƙarfe, sai launi, sai wani shafi marar launi a sama wanda masu feshi ke kira kiliya. Kiliya ce ke ba mota ƙyalli, ita ce kuma ke tare rana. Duka hawan in an haɗa, kaurinsu bai wuce na takarda ɗaya ko biyu na littafin makaranta ba, ita kiliyar kaɗai kuwa ba ta kai kaurin takarda ɗaya ba.

Ke nan duk wanda ya sa reza ko bakin sukudireba a ƙarƙashin sitika, abin da ke tsakanin ƙarfensa da launin motar bai taka kara ya karya ba. Kiliya in ta huje, folish ba ya dawo da ita, sai an sake fesa ɓangaren. A lokacin damina kuma, inda ƙarfe ya bayyana tsatsa ba ta jira. Duk sauran amsoshin nan a kan wannan aka gina su: a fara da hanya mafi taushi, kada a matsa zuwa mai ƙarfi sai ta farkon ta gaza.

3. Wane kayan aiki zan tanada?

Ba su da yawa. Bokitin ruwa da sabulun wanke mota, tsummoki masu laushi guda uku ko huɗu, tsohon katin banki na roba, dirayar busar da gashi, da abin narkar da gam (duba lamba 7). In za ka samu folish da wakis na gamawa, ya fi. A shagunan kayan fenti na Suame Magazine, unguwar makanikai da kayan mota ta Kumasi, ana samun reza ta roba, wadda ta fi katin banki shiga lungu.

Abin da ba za ka kusanto da shi ba: reza ta ƙarfe, wuƙa, soson ƙarfe, koren soson wanke tukunya, da samfefa. Koren soso a hannu kamar ba shi da illa, amma a kan baƙar mota za ka ga zanensa da zarar ruwa ya bushe.

4. Yaya ake aikin, daga farko har ƙarshe?

Fara da wanke wurin, sitikar da kewayenta, ka tsane shi. Wannan ba ƙa'idar banza ba ce, musamman a hunturu: ƙurar da ta kwanta a gefen sitika yashi ce, in ka murza ta da kati ko tsumma ta zama samfefa. Sannan ka kunna diraya, ka riƙe ta kamar tazarar tafin hannu daga jikin motar, kana yawo da ita a kan kusurwa ɗaya na rabin minti zuwa minti guda. Zafin da ake nema shi ne wanda za ka iya ɗora hannu na ɗan lokaci kafin ka janye, wato wajen digiri 50 zuwa 60. In hannu ba ya iya taɓawa sam, ka wuce gona da iri.

Ɗago kusurwar da farce ko bakin kati. Da ka samu abin riƙewa, ajiye katin, hannu ne zai yi sauran aikin. Ja a hankali, da ƙarfi iri ɗaya, hannunka kusa da jikin motar, dirayar tana tafiya gaba da inda kake ja. Ledar da kanta za ta gaya maka halin da ake ciki. In tana miƙewa kamar cingam tana barin gam duka a baya, zafi ya yi yawa, dakata ta ɗan huce. In tana karyewa da ƙara, zafi bai isa ba. In gam yana rabuwa biyu, rabi a leda rabi a mota, rage sauri ka ɗan sauya yadda ka karkata hannu. Akwai daidai ɗin da in ka same shi za ka ga gam yana bin ledar, fenti na fitowa fes a baya, to ka tsaya a kan wannan saurin ko da ya yi maka kamar tafiyar hawainiya.

Bayan ledar ta fita sai gam (lamba 7), sai a sake wanke wurin da sabulu, a duba ko akwai inuwa (lamba 13), a rufe da wakis. Kada a tsallake wakis ɗin, domin abin da ya narkar da gam ya tafi da wanda ke wurin tun da.

5. Ba ni da diraya, ko kuma an ɗauke wuta. Rana ba za ta wadatar ba?

Za ta wadatar ga yawancin sitika, kuma wannan gata ce da muke da ita a nan. Ajiye motar ɓangaren sitikar yana fuskantar rana na kamar awa guda da hantsi, ƙarfen zai yi zafin da ake buƙata, baƙar mota ma har ta wuce. Ruwan zafi shi ma yana aiki: jiƙa tawul, shimfiɗa a kan sitikar na minti biyu ko uku, ɗaga ka ja. Ba tafasasshe ba, kuma kada a watsa wa gilashi mai sanyi, musamman wanda ya riga ya yi ɗan tsagu.

Sai dai a raba aikin biyu. Cire leda a rana, goge gam a inuwa bayan jikin ya huce. Sinadari a kan ƙarfe mai zafi yana bushewa kafin ya yi aiki, ya bar tabo. Wani abin lura kuma: dirayar da aka kawo tsaraba daga Amurka galibi ta wutar 120 ce, tamu kuwa 230, duba jikinta kafin ka jona.

6. Masta ya ce a sa bindigar zafi, aikin zai fi sauri. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma a hannun wanda ya saba da ita ba laifi. Amma iskar da take fitarwa tana iya haura digiri 500, diraya kuwa ba ta kusa da haka. Tsayawa wuri ɗaya na daƙiƙu kaɗan ya isa kiliya ta kumbura ko bamba ta lanƙwashe. Wanda zai yi amfani da ita ya sa ta a mataki mafi ƙasa, ya nisanta ta, kada hannunsa ya tsaya. Wutar walda ko ta risho kuwa ba ta cikin lissafi ko kaɗan, kuma kada a kunna kowane irin zafi a wurin da aka riga aka shafa kananzir ko sifirit.

7. Ledar ta fita, gam ya rage yana kama ƙura. Da me zan goge shi?

Fara da yatsa. Gam mai ɗumi sau da yawa yana mulmuluwa in ka tura shi da babban yatsa, ko ka riƙa danna masa guntun sitikar da ka cire kana ɗagawa, gam yana kama ɗan'uwansa. In takarda ce aka liƙa, irin ta talla, ruwan sabulu mai ɗumi ko ɗan man gyaɗa ya isa.

In ya ƙi, sai a hau mataki na gaba. Mafi dacewa shi ne maganin da aka yi domin wannan aikin, irin na 3M ko Goo Gone na mota. Da yawa daga cikin irin waɗannan da man ɓawon lemu ake haɗa su, shi ya sa suke ƙamshinsa. In babu, WD-40 yana yi, kananzir yana yi, sifirit na kemis shi ma yana yi wa wani gam ɗin. A kan fentin kamfani mai lafiya waɗannan ba sa ɓarna in ba a bar su sun daɗe ba. Zuba a tsumma, ba a jikin mota ba. Ɗora tsumman a kan gam na minti ɗaya ko biyu ya jiƙa, sannan ka share da kati na roba ko tsumma mai tsabta, kana juya shi zuwa sabon gefe kowane shafi. Wanda ya ci gaba da gefe ɗaya yana baza gam ne kawai daga nan zuwa can.

Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne dirza. Mutum ya shafa kananzir nan take ya hau murza da ƙarfi, alhali jiƙawar ce ke aikin. Gara ka jiƙa sau uku ka share a hankali da ka dirza sau ɗaya. Kafin komai kuma, gwada abin da za ka yi amfani da shi a wurin da ido ba ya kaiwa, kamar cikin bakin ƙofa. In tsumman ya ɗauko launi ko wurin ya dushe, tsaya, ka karanta lamba 9.

8. Fetur fa? Ko tina, ko abin goge jan farce? Wani ma ya ce man birki.

Man birki shi ne mafi muni a cikinsu. Irin wanda ke yawancin motocinmu, DOT 3 da DOT 4, cin fenti yake yi, shi ya sa bakanike mai hankali ke gaggawar wanke shi da ruwa in ya ɗiga a fenda. Wanda ya ba ka wannan shawara bai taɓa biyan kuɗin feshi ba.

Tina an yi ta ne domin narkar da fenti, to ba abin mamaki ba ne in ta narkar da shi. Abin goge jan farce yawanci asiton ne, yana dusar da kiliya, yana cin roba. Fetur yana cire gam, babu musu, yaran wurin wanke mota da yawa da shi suke yi domin yana kusa kuma yana da sauri. Amma yana busar da baƙar roba, yana iya dusar da fentin da aka sake, tururinsa kuma yana kama wuta daga nesa. A unguwa irin tamu da mai tuyar ƙosai ko mai walda ba ya nisa da inda ake ajiye mota, ribarsa ba ta kai haɗarinsa ba, ga kananzir yana yin aikin.

9. Yaya zan gane ko an taɓa sake wa motata fenti, kuma me ya sa hakan ke da muhimmanci?

Wannan tambayar ta fi kowace nauyi a Kumasi, domin motocin da ke yawo da fentin kamfani a duk jikinsu ba su da yawa. Da yawa daga cikin waɗanda ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Tema motocin gwanjo ne da suka yi haɗari a Amurka ko Kanada, a nan ake miƙe su a fesa. Trotro da taksi kuwa kusan kowace ta sha feshi fiye da sau ɗaya. Fentin kamfani ana gasa shi ne a zafi mai yawa tun motar tana ƙarfe zalla, shi ya sa yake kama jiki sosai. Na gareji ya dogara da hannun mai feshin: yadda ya goge wurin, irin firaimar da ya sa, da irin fentin. Mai haɗin hadina, wato sinadarin da ke taurara fenti, wanda ake kira 2K, yana da juriya. Na selulos, mai araha, sinadari kaɗan ke narkar da shi, sitika mai ƙarfi kuma tana iya tasowa da shi.

Ga yadda za ka bincika. Tsaya a gefe da safe ka kalli jikin a karkace: ɓangaren da aka sake yakan bambanta da maƙwabcinsa a launi ko a santsi. Duba robar gefen gilashi da maƙallan ƙofa ko akwai burbushin fenti. Buɗe ƙofa ka shafa bakinta, layin da aka liƙa tef yakan bar tudu. Ɗora ɗan maganaɗisu a kan tsumma ka bi jikin da shi, inda ya saki ko ya yi rauni akwai fila a ƙasa, wato abin da ake cike lotsawa da shi kafin feshi, in dai ɓangaren na ƙarfe ne. Sannan shafa ɗan folish da farin tsumma a ɓoyayyen wuri: in launin motar ya fito a tsumman, wannan fentin ba shi da kiliya.

In ka tabbatar an sake, rage zafi, rage sauri, ka tsaya ga ruwan sabulu da abin da ka gwada ya wuce lafiya. Inda akwai fila kuwa, zafi mai yawa yana iya sa ta tashi.

10. Sitikar ta gasu, tana ɓarɓashewa kamar ƙasar fadama a rani. Ba abin da zan riƙe in ja.

Irin wannan ce ke sa mutane su ɗauko reza. In ƙarama ce, haƙuri zai cire ta: ɗumama, kankara da rezar roba, jiƙa tsagun da maganin gam ya shiga ƙasa, sake kankara. In rubutu ne mai tsawo a gefen bas ko layin ado da ya zagaye mota, akwai wata taya ta roba mai laushi da ake ɗaura wa injin huda, tana goge leda da gam tare kamar yadda magogi ke goge fensir. Ta kamfanin 3M an rubuta mata iyakar juyi 4,000 a minti, kuma a ƙasa da haka ta fi aiki.

A injin huda ake ɗaura ta, ba a giranda ba. Ƙaramar giranda tana juyi wajen 11,000 a minti, za ta ƙone fenti, tayar ma tana iya tarwatsewa ta ji wa mutum. A taɓa da sauƙi, a riƙa matsawa, a riƙa duba zafin wurin da hannu. Ba a sa ta a bamba ta roba, ba a sa ta a fentin selulos.

11. Na gilashi fa? Tsofaffin sitikun inshora sun cika mini gefe ɗaya.

Gilashi ya fi fenti juriya, a nan ne kaɗai reza ta ƙarfe ke da izini. Sabuwa, marar tsatsa, a jiƙa gilashin da ruwan sabulu, a kwantar da ita sosai, a tura gaba kawai. Sai a bi da sifirit.

Wuri biyu ne reza ba ta shiga. Na farko gilashin da aka liƙa wa tint, domin ledar a ciki take kuma reza za ta yanke ta. Na biyu cikin gilashin baya, inda siraran layukan nan masu ruwan ƙasa suke. Wayoyi ne da aka buga a kan gilashin domin kore raɓa, a wasu motocin har da eriyar rediyo, in ka yanke ɗaya ya mutu. A waɗannan wuraren ɗumi da tsumma kawai, ana shafawa tare da tsawon layukan, ba a gicciye ba. A kan tint kuma a guji abin wanke gilashi mai amoniya.

12. Bamba, fitila da baƙar robar gefe duk hanya ɗaya ce?

A'a. Bamba mai fenti roba ce a ƙasa, ba ta watsa zafi kamar ƙarfe, don haka rabin ɗumin da ka ba ƙofa ya ishe ta. Fitilun gaba na motocin yanzu ba gilashi ba ne, roba ce mai shafi a sama, sinadari mai ƙarfi yana sa ta yi hazo ko ƙananan tsagu da ba sa gyaruwa. Ruwan sabulu mai ɗumi da yatsa su ne nata. Baƙar roba marar fenti tana da ƙananan ramuka da gam ke shiga, sai a sa ɗan maganin gam da tsohon buroshin haƙori mai laushi, a wanke nan take kafin ta yi fari.

13. Komai ya fita, amma ana ganin siffar rubutun a jikin motar. Gam ne ya rage?

Shafa da yatsa. In ba ya kamawa, ba gam ba ne. Fentin da ke ƙarƙashin sitikar ya yi shekaru a ɓoye, na kewaye kuma rana ta ci shi, ƙura ta goge shi. Abin da kake gani sabon fenti ne a tsakiyar tsoho. Ja ya fi kowane launi nuna wannan, fari kuma yakan yi ɗan rawaya a kewaye.

In dushewar a saman kiliya take, folish zai daidaita su. A goge ɓangaren gaba ɗaya, ƙofa sukutum ko bonet sukutum, domin tsohon ne ake so ya taso ya kamo sabon. A fara da folish mai laushi, a koma mai ɗan kaushi in ya ƙi. Amma a tuna da lamba 2: kowane folish cin kiliya yake yi kaɗan, musamman da inji a bakin ƙofa da kan tudun jiki inda fenti ya fi siranta. In launin da ke ƙasan kiliya ne ya koɗe, folish ba zai kai gare shi ba. Sau da yawa bambancin yana raguwa da kansa bayan watanni a rana. In bai ragu ba kuma yana damunka, sai feshi. Wanda zai sayar da mota ya yi wannan lissafin tun kafin ya cire rubutun kamfani daga jikinta.

14. Ina ja sai fenti ya biyo sitikar. Me zan yi yanzu?

Tsaya a nan, kada ka ce bari in ƙarasa. Yanke ledar da ta taso da almakashi, ka koma ta ɗaya gefen da ɗumi kaɗan da sauri kaɗan. In kiliya ce kawai ta ɓare, akwai lokaci, amma bakin wurin zai ci gaba da tashi, a kai wa mai feshi. In ƙarfe ya fito, a rufe shi a ranar da ɗan firaima ko fentin taɓawa. Wannan yawanci alama ce ta fentin da bai kama ba tun asali, duba lamba 9.

15. Motar da na karɓo daga Tema tana da rubutun alli a gilashi da tambarin dila a but. Yaya zan yi da su?

Rubutun da 'yan gwanjo ke yi da alli mai maiƙo ko alƙalamin fenti, a gilashi sifirit da reza suna cire shi. A jikin fenti a gwada maganin gam ko folish mai laushi.

Tambari mai tudu da tef mai gam biyu ake manna shi. Ɗumama shi, ka zura zaren kamun kifi ta bayansa, ka riƙa ja hagu da dama kamar zarto har ya rabu. Soson tef da ya rage a mulmule shi da yatsa, sauran a bi lamba 7. Kada a ɓanɓare da sukudireba. A kula kuma, tambarin kamfanin da ya ƙera motar, musamman babba na tsakiya, wani yana da ƙafafu da ke shiga ramuka a jikin ƙarfe, in ka cire za ka tarar da huji.

16. Akwai sitikar da bai kamata in cire ba?

Akwai. Ta lafiyar mota daga DVLA, hukumar lasisin tuƙi da rajistar motoci, da ta inshora, matuƙar wa'adinsu bai ƙare ba, a bar su inda suke, domin in an ɗago su yawanci yagewa suke yi. Motar haya tana sabunta ta lafiyar mota duk wata shida, ta gida duk shekara, shi ya sa suke taruwa, tsofaffin ne za ka cire. Tef mai ƙyalli da ke gefe da bayan manyan motoci da na haya shi ma ba ado ba ne, shi ke nuna motar da dare a hanyar Tamale ko ta Accra. In ya tsufa a cire a sa sabo a ranar. Irin wannan tef gam ɗinsa yana da ƙarfi kuma yana karyewa, lamba 10 ce hanyarsa.

Mai mayar da taksi motar gida ya sani cewa cire rawayan fenda, wanda shi ne alamar taksi, bai wadatar ba, sai ya je DVLA an sauya rajistar, lamba ta tashi daga rawaya zuwa fara. Haka wanda ya cire leda launin motar ya bambanta da abin da ke takarda. Ya kuma fara dubawa ko rawayan leda ne ko fenti, domin in fenti ne babu dirayar da za ta ɗaga shi.

17. Malam, sitikar tana ɗauke da aya ko sunan Allah. In na cire ina zan kai ta?

Kada ta faɗi ƙasa a wurin wanke mota ruwa ya ja ta zuwa kwata. Shimfiɗa jarida ko leda a ƙasa kafin ka fara, musamman in ta gasu tana ɓarɓashewa, ka tattara guntayen duka. Malamai sun ambaci binnewa a wuri mai tsabta da ƙonawa ga rubutun da ya lalace. Ga irin wannan leda binnewa ta fi, domin PVC in ta ƙone tana fitar da hayaƙi mai guba da ke cutar da ƙirji. In kuma ka sayi motar da rubutun addinin tsohon mai ita, cire shi a mutunce, ka naɗe ka ajiye inda ya dace. Da mabiya wannan addinin muke zaune a gari ɗaya, a tasha ɗaya muke lodi.

18. Ina so in liƙa sabuwa. Yaya zan yi kada in sha wannan wahalar nan gaba?

In gilashin gefe na baya zai ɗauka ba tare da ya tare maka gani ba, sa ta a can maimakon kan fenti. In dole sai a jiki, ƙofa ta fi bonet da rufi. Tambayi mai bugawa ko yana da leda mai gam da aka yi domin cirewa, bambancin kuɗin bai kai na folish ba, balle feshi. Mai tallar kasuwanci yana iya yin allon maganaɗisu, sai dai ya riƙa ɗaga shi yana wanke ƙasansa duk mako, domin ruwa da ƙura suna taruwa a wurin.

Kada a liƙa komai a kan sabon feshi. Fentin gareji yana ci gaba da bushewa makonni bayan ya yi kamar ya bushe, masu yin fenti kan ce a jira wata ɗaya zuwa uku, gwargwadon irinsa, don haka ka tambayi wanda ya fesa maka. Kada kuma mai liƙawa ya yanka leda da wuƙa a kan jikin motar, ya yanke ta a tebur. Ta kamfen kuwa, ko ta biki ko ta Maulidi, a cire ta cikin makonni bayan an gama hidimar, tun ledar tana da laushin da za a riƙe a ja.